Ranar da Na Zauna Tebur Ɗaya da Babana

Ranar wata Alhamis ce cikin bazarar shekara ta 1957, bayan azahar, rana tana dukan ƙasa har yashin lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, yana ƙona tafin ƙafa. Babana yana gaba, sanye da kakinsa na soja da jar hula, takalmansa masu ƙusa suna nutsewa cikin rairayi, ni kuma ina biye da shi daga nesa kamar wadda aka aika ta manta saƙon. An cuɗe ni da soso har fatata tana raɗaɗi, an mulke ni da man gyaɗa, an ɗaura mini zanen sallar bara wanda ya riga ya ɗage mini sama da idon sawu. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Sai dai na lura in na tsaya cire ƙaya ko gyara ɗankwali, shi ma sai ya ja ya tsaya yana duban wata katanga kamar bai taɓa ganin katanga ba, sai ya ji motsina sannan ya ci gaba. Shekaruna tara ko goma a lokacin, kuma tun da aka haife ni ban taɓa fita ni da shi mu biyu ba. Washegari da safe motar soja za ta kwashe su zuwa Yamai, daga can a wuce da su yaƙin Aljeriya, kuma kowa a gari ya san ba duk wanda ya tafi can yake dawowa ba.

Wanda bai tashi a zamaninmu ba sai an yi masa bayani. Ni ƴar fari ce. A gidajenmu na da, iyaye kunyar ɗan fari suke ji, ba don ba sa son sa ba, sai don nuna son nasa a fili rashin ta-ido ne. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya ɗaukarsa, in ya faɗi yana kuka a gaban mutane sai su kau da kai har wani ya zo ya rarrashe shi. Ana yaye ni aka naɗe ƴan tsummokarana aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, Ya Fanna, a cikin Birni. Iyayenta daga Barno suka zo tun zamanin ayari, ita kuma har ta mutu in ranta ya ɓaci da Barbarci take faɗa. Iyayena suna can layin soja kusa da bariki, tare da ƙannena biyu da aka haifa bayana, waɗanda ake kiran sunansu safe da yamma ba wanda ya ce uffan.

Gidan Kaka babban gida ne irin na da, zaure biyu, soro mai zane a goshinsa, ɗakuna birjik amma duk a garƙame. Kakana ya yi fataucin fata, ya rasu tun ba a haife ni ba, ƴaƴansa suka watse, wasu Kano, wasu Agadas. Muka rage mu biyu, sai wata akuya mai baƙin hali da tantabarun da suka mallake soron sama. Sana'ar Kaka haɗa turaren wuta da humra, ni ce mai dakan itacen, har yau in na ji ƙanshin sandal kafaɗuna ke fara ciwo. Kafin rana ta ɗaga na share tsakar gida, na dama wa akuya dusa, na ɗauki tulu na nufi rijiya. Ruwa kuwa a Damagaram kowa ya san labarinsa. Za ka tarar da tuluna jere kamar masu jiran sadaka, ana jiran guga ta kankaro ɗan abin da ya taru a gindin rijiya, ja wur kamar kunun kanwa. In dawo wuyana kamar zai karye, in kuwa na yi tuntuɓe na zubar ko kaɗan, Kaka ta ce in koma in tsinto shi daga cikin yashi tun da ni ce mai arzikin ruwa.

Ba ta dukana, amma bakinta ya fi tsumagiya zafi. Kuma duk cikin tarbiyyarta babu inda ta fi tsanantawa kamar wurin cin abinci. Ita ke fara ci a akushinta, ni ina zaune can gefe na karkata jikina, in ta ƙoshi ta turo mini saura. "Ido a ƙasa, hannu a cinya, sai babba ya tashi," haka take faɗa kusan kullum, ko na yi laifi ko ban yi ba. Wata rana ta kama ni ina tauna ƙanzo a zaure daidai lokacin da ake sallama, sai ta ja kunnena har cikin ɗaki ta ce, "Da ubanki ne fa? Ƴa mace ba ta tauna a gaban ubanta, ko yunwa za ta kashe ta." Na sha jin wannan har ya zauna mini a jiki kamar alwala, ba sai na yi tunani ba.

Lakwal kuma, wato makarantar boko, ita ta ƙarasa raba ni da sa'o'ina. Baba ne ya aiko tun yana yaƙin Indoshin cewa a sa ni. Kaka ta yi kwana da kwanaki tana mita, amma ba ta ƙetare maganar ɗanta ba. Sai ya zamana da safe ƴan matan lungunmu sun ɗauki farantan talla, ƙosai da dafaffiyar gyaɗa, suna tafe suna shewa, ni kuma ina rungume da ɗan baƙin allo na kama wata hanya dabam. Suka laƙaba mini ƴar Mushe, wato ƴar malamin lakwal. In an fito gaɗa na kutsa cikin da'ira, sai wata ta ce a dakata a yi wa ƴar Mushe waƙa da Faransanci, a kwashe da dariya, in sulale in koma gida. A lakwal ɗin ma mu mata ba mu da yawa, kuma galibinsu ƴaƴan ma'aikata ne daga Dahome, Hausarsu ba ta nuna ba. Wanda aka kama yana Hausa a fili sai a rataya masa wani ƙashi a wuya ya yini da shi, don haka na ga gara in riƙe bakina, can shiru, gida shiru. Wasan da na fi ƙwarewa a kai ƴar carabke ce, don ita kaɗai ba ta bukatar kowa. In hau dutsen da ke bayan gidanmu da tsakuwoyina a bakin zane, in yi ta cafewa, ni ce mai ci ni ce mai faɗuwa. Da damina in an rufe lakwal mukan tafi Zermu gonar ƙanen Kaka, a ɗora ni a kan rumfar kara a tsakiyar gero da gwangwani a hannu in yini ina korar tsuntsaye. Can ma dai da tsuntsayen nake hira.

Baba kuwa, in yana gari, ranar Juma'a yake zuwa gaida uwarsa. Ya cire takalma a bakin ƙofa, ya durƙusa, ni in kawo ruwa a kwanon sha in ajiye in ja da baya, idona a ƙasa. Wallahi na fi sanin yatsun ƙafarsa da fuskarsa. Akwai ɗaya da farcensa ya fita, an ce a yaƙi ne, shi nake kallo har a gama gaisuwa. Iyakar rabona a hirar shi ne ya ce wa Kaka, "Yarinyar nan tana jin magana?" Kaka ta ce da sauƙi dai, shi ke nan. Ban taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba sai ranar da aka aike ni kasuwa na hango shi da ƙanena Bukar a wuya, yaron yana riƙe da jar hular yana buga masa kai da ita, Baba yana dariya har haƙoransa na ciki a waje. Ban taɓa sanin yana dariya ba. Na laɓe bayan rumfar mai barkono har suka wuce. Ranar ban ci tuwo ba, Kaka ta taɓa goshina ta ce babu zazzaɓi, iskanci ne, ta ba akuya. Tun daga ranar abu ɗaya ya tsaya mini a rai, ina so ko sau ɗaya ne in zauna kusa da mutumin nan kamar yadda ƴaƴansa suke zama.

To, ranar Alhamis ɗin nan, da yake ba a lakwal ran Alhamis, ina cikin daka sai na ji sallamarsa, ga shi ba Juma'a ba. Ya durƙusa ya yi wa Kaka ban kwana, ta yi masa addu'o'i, sannan ya yi ta kame-kame yana sosa ƙeya kamar yaron da ya fasa tulu, daga bisani ya ce yana so a ara masa yarinyar nan zuwa la'asar, zai kai ta kanti a gwada mata takalmi. Kaka ta dube shi sheƙeƙe, ta ce tun yaushe aka daina auna ƙafa da kara a kai wa mai kanti? Ya ce na zamani sai an gwada. Ba ta yarda ba, na gani a bakinta, amma mutum zai tafi yaƙi gobe, ba a musu da shi. Ta ja ni bayan gida ta wanke, tana cuɗawa tana karanto mini dokoki: kada in jera da shi, kada in dubi idonsa, kada in yi magana sai an tambaye ni, kada in ja mata abin faɗa a gari.

Muka fita daga Birni, muka bi ta gindin duwatsun bariki, muka shiga unguwar Turawa inda hanyoyi suke miƙe ɗoɗar kuma babu awaki. Muka zo kantin takalma, na rage tafiya, shi kuwa ya wuce abinsa. Can bayan ɗakunan ajiyar gyaɗa ya karya kwana, sai ga wani ɗan gida da aka shafe da farar ƙasa, da rumfar zana a gabansa, hayaƙi yana fita ta bayansa. Na san gidan a bakin mutane. Na wani Bature ne ɗan Italiya, an ce daga Turabulus ya gangaro bayan babban yaƙi yana gyaran manyan motoci, ya maƙale a garinmu, da hannunsa ya gaji da ƙarfe sai ya gina tanderu ya koma sayar da abinci. Mutanen gari Mai Tanderu suke ce masa, abin da yake gasawa kuma gurasar Bature. Direbobi da ƙananan sojan Faransa da ƴan boko ke zuwa da yamma. A lungunmu kuwa an tabbatar mana da man alade ake yin ta, kuma wanda ya ci sallarsa ta kwana arba'in ta tafi.

Ciki babu kowa, daga baya na gane da gangan Baba ya zaɓi wannan lokaci. Ƴan tebura ne da kujerun ƙarfe, kowane tebur an shimfiɗa masa leda mai gida-gida ja da fari, ƙudaje suna yawo a kai, wata kyanwa tana barci a kan taga. A bango hoton wata mata ne cikin baƙaƙen kaya, ya dushe. Mai Tanderu ya fito yana goge hannu, gajere mai tumbi, gashi har bayan yatsunsa, ya rungume Baba yana kiransa Sarsan, wato muƙaminsa na soja. Ni kuwa na nemi gindin bango na durƙusa kamar yadda na saba. Sai na ji Baba ya ce, yana duban rufin ɗaki, "Kujera." Na ɗauka da Baturen yake. Ya sake cewa kujera, ya tura ɗaya da ƙafarsa, wadda take fuskantar tasa. Na hau da ƙyar, ƙafafuna suna lilo ba su kai ƙasa ba. Teburin ƙarami ne, da na miƙa hannu da na taɓa maɓallin rigarsa. Ban taɓa kusantarsa haka ba, har ina jin warin taba da sabulun soja a jikinsa.

Tanderun a buɗe yake ta cikin ɗakin, don haka na sami abin kallo da zai hana ni kallonsa. Baturen ya ɗauko curin ƙullu ya buga a kan katako, ya miƙar da shi da tafin hannu, ya ɗaga yana juya shi a iska har ya yi faɗin faifai. Ya shafe shi da jajjagen tumatir, ya barbaɗa albasa, irin ta lambunan Mirriya, ya marmasa ɗanyen cuku wanda yake saye wurin matan Buzaye tun bai bushe ba, ya tsinko ganye a wani gwangwani a bakin taga ya watsa. Ƙanshin ya iso ni, na ce a raina, ashe ɗoɗɗoya ce, wadda Kaka ke korar sauro da ita. Baba ya ɗaga murya ya ce ban da nama, ko ƙanƙani, Baturen ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya sani. Ya zura ta cikin wuta da wani katako mai dogon hannu kamar shebur, ya jawo kujera ya zauna jira.

A nan ne Baba ya fara magana, da Faransancinsa na bariki mai karye-karye, fuskarsa tana wajen Baturen. Ya ce sunan abin nan fiza, a Marsai ta ƙasar Faransa ya fara cin ta, suna jiran jirgin ruwan da zai kai su Indoshin. Ya ce a gidan da suka ci akwai wani lebura na tashar jirgi, hannuwansa baƙi ƙirin da gawayi, ya zo da ƴarsa ƴar ƙarama, suka sa faranti ɗaya a tsakiya, ya ɗauka ta ɗauka, tana ba shi labari bakinta cike yana dariya. Ya ce ya daɗe yana kallonsu har abokansa suka yi masa tsiya, kuma tun ranar ya ce in Allah ya mai da shi gida sai ya yi haka sau ɗaya. Ya ce ya dawo ya yi ta ɗagawa, yau gobe, yau gobe, ga shi gobe za a tafi. Sai ya nuna ni da haɓa, bai dube ni ba, ya ce wannan ita ce babbar, ita ce ta ɗaya a ajinsu, ya je wurin malaminsu da kansa ya tambaya. Ban taɓa sanin ya taka lakwal ɗinmu ba. Kuma ya san sarai ina jin Faransanci, har na fi shi, shi ya sa ni a lakwal ɗin. Da Hausa bakinsa ba zai iya ɗaukar maganar nan ba, sai ya bi da ita ta kunnen Bature. Na sunkuyar da kai ina kallon ledar tebur, daɗi ya cika ni har ina jin tsoro.

Aka fito da ita tana tururi, gefenta ya kumbura ya ƙone baƙi-baƙi, tsakiyarta ja da fari tana tafasa. Baturen ya yanka ta tsinin-tsini, ya kawo ƙananan faranti biyu da cokula masu yatsu. Baba ya tattara su ya mayar masa, ya ce a bar babban farantin kawai. Ya ja shi tsakiyar tebur daidai, ya gyara, ya sake gyarawa. "Bismilla," in ji shi, yana duban bango. Ya ɗauki yanki ɗaya, cukun ya biyo shi yana zare, ya kai baki ya fara tauna a hankali, a hankali ƙwarai, irin taunar mai jira. Na san abin da yake jira. Na ji da kunnena, kuma abin da nake so ke nan tun ranar kasuwa. Amma hannuna yana kan cinya kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ina ce masa tashi, yana ƙi. Yaya zan buɗe baki in sa abu in tauna, mutumin nan yana zaune yana jin ƙarar haƙorana? Ya gama yankinsa bai ɗauki wani ba. Ya sa ɗan yatsa ɗaya ya turo farantin wajena kaɗan. Na haɗiye yawu, na ɗago hannun da ƙyar har ya kai bakin tebur, yatsuna suka taɓa gefen farantin, na ji zafinsa. Na ga ƙirjin Baba ya tsaya, ya riƙe numfashi.

Sai aka yi sallama daga ƙofar baya. Malam Kyari ne, mai ruwan lungunmu, wanda yake kai wa Kaka ruwa in na yi ciwo, ashe shi ke cika wa Baturen randa. Ya shigo da garwa biyu a sanda, gumi yana zuba, ya ga Baba ya washe baki ya ce, "Sarsan, ashe kana ciki. An ce gobe ne tafiyar, Allah ya kai lafiya ya dawo da ku." Sannan idonsa ya sauka a kaina, a kan kujera, gaba da gaba da ubana, hannuna a faranti. "Af, da ƴar gidan Ya Fanna," in ji shi, sai ya yi maza ya kau da kai kamar wanda ya faɗa wa mutum yana wanka. Bawan Allah bai yi da mugunta ba, kunya ce ta kama shi a madadinmu. Ya wuce ya juye ruwansa, ya fita ɗauko wani, kuma randar babba ce, sai ya yi ta shiga da fita, kowane zuwa fuskarsa a bango.

Hannuna ya koma cinya, ban san lokacin da ya koma ba. Na saci kallon Baba, karo na farko da na dubi fuskarsa sosai, na ga tana rufewa, tana komawa fuskar ranar Juma'a. Ya gyara zama, ya ja kujerarsa baya, ya karkata gefe. Mutumin da ya ratsa teku ya shiga wuta a ƙasashen da ban san sunansu ba, idon mai ruwa ɗaya ya karya shi. Ya jawo farantin gabansa ya sunkuya ya ci da sauri, ni idona a ƙasa ina jin motsin hannunsa kawai. Can ya miƙe, ya wanke hannu a buta, ya tsaya jim kamar zai faɗi wani abu. "A ci, kada ta huce," ya ce wa ƙofa. Ya fita ya tsaya ƙarƙashin rumfar zana, ya juya baya, ya kunna taba.

Babba ya tashi, yanzu an halatta mini. Na jawo farantin. Da na duba sai na ga abin da ya yi ta ci da saurin nan. Ban da yankin farko bai ɗauki ko ɗaya ba. Gefen kawai ya bi ya gutsuttsure, busasshen nan mai ƙuna da tauri, ya zagaye shi kaf, ya bar mini tsakiyar gaba ɗaya, mai laushin, inda cuku da tumatir suka taru. Haka manya suke yi in sun ci, su bar wa yaro tsokar a gefen akushi su tashi ba su ce komai ba. Na ci. In faɗi gaskiya ba ta yi mini daɗi ba, ga tsami ga gishiri, cukun ya fara sanƙarewa yana kama haƙori. Amma ban bar ko ɓarɓashi ba. Ina ci ina kallon bayansa ta ƙofa, gumi ya jiƙa kakin tsakanin kafaɗunsa, hayaƙin taba yana tashi ta saman jar hular. Baturen ya kawo mini kwalbar limonati, ya tambaye ni a hankali me ya sa ba zan kira babana ya dawo ya zauna ba. Na rasa ta inda zan fara yi masa bayani, ko da Faransancin da nake ta ɗaya a kansa. Ya ɗaga kafaɗa, ya koma can teburin ƙarshe ƙarƙashin hoton matar nan ya zauna yana ɓare albasa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zama ba, ko a kan rumfar Zermu.

Muka komo yadda muka je, shi gaba ni baya. A zaure Kaka ta dubi ƙafafuna ta ce ina takalman? Baba ya yi turus, ya manta da su sam, ya ce an rufe kantin. Ta yi masa kallon da ta saba, ya durƙusa ta dafa kansa, ya tashi ya tafi. Kafin magariba labari ya riga ya iso ta, ban san ta bakin wa ba, lungunmu ba ya riƙe magana. Ta kira ni, ta sa na wanke baki da toka har sau uku saboda alade, sannan ta tsare ni da ido ta ce, "Kin ci a gabansa?" Na ce a'a, sai da ya tashi. Fuskarta ta saki, ta shafa kaina, abin da ba ta cika yi ba. "Madalla, ƴar halak. Ban yi wahalar banza ba." Har ta ba ni dabino. Na karɓa na gode, na zagaya bayan rumbu inda akuya take, na yi kuka har na gaji.

Allah ya dawo da shi. An sauke tutar Faransa an ɗaga tamu yana can, sai bayan haka aka sallame su, ya dawo da furfura da tari, ya zauna a zaurensa yana karɓar fansho. Mai Tanderu ya tattara ya bar gari a ƴan shekarun nan, gidan ya zama wurin ajiye buhuna. Na yi aure, na koyar a lakwal har ƙarfina ya ƙare, Baba ya ga jikokinsa, ya yi wasa da su, ya ci da su a kwano ɗaya. Ni kuwa na dafa masa abinci ba adadi, in kai in durƙusa in ajiye in fita, in ya gama in dawo in ɗauke kwano. Ya rayu shekaru masu yawa, kuma daga ni har shi ba wanda ya taɓa tada zancen ranar nan. Ban ga laifinsa ba, ban ga nawa ba, ban ga na Kaka ba, kowa abin da aka koya masa ya yi. Har na yi tunanin in ya tsufa sosai kunyar za ta saki, mu zauna. Ba ta saki ba har aka ɗauke shi.

Yanzu gidajen fiza sun shigo garinmu, da fitilu masu launi da kiɗa, har a kan babur ake kawo ta gida cikin kwali. In ɗana ya zo hutu daga Yamai yakan kwashe mu ya kai mu. Ƴarsa ta fari takan haye cinyarsa, ta fizge yanki daga hannunsa, ya kira sunanta da ƙarfi yana dariya a gaban kowa, ba wanda ya ko waiwaya. Wani lokaci abin yakan ba ni haushi, in ce yaran yanzu ba su da ta-ido, wani lokaci kuma in rasa abin da ya cika mini ido. Su yi ta cewa Hajiya sa hannu mana, in sa, in ci tare da su, hannuwa goma a faranti ɗaya. Na ci da mutane da yawa a rayuwata, na gode Allah. Wanda na so in ci da shi sau ɗaya tak, bayansa na kalla.